Kafa mariƙin hannu a bangon matakalar bene

Mariƙin hannu na bango doguwar sanda ce ta katako ko bututun ƙarfe da ake kafewa a jikin bangon da ke gefen matakala, tana bin gangaren matakalar daga ƙasa har sama, domin mai hawa da mai sauka su sami abin riƙewa. Ya bambanta da shingen da ake yi a buɗaɗɗen gefen bene don hana faɗawa: shinge a kan ƙafafunsa yake tsaye, shi kuwa wannan nauyinsa duka a kan ƙananan matokarai yake, waɗanda aka ɗaure a bango. Saboda haka ƙarfinsa yana ga bangon da abin da aka ɗaure shi da shi, ba ga kaurin sandar ba.

Ma'aunan da ake bi

Ana auna tsayin mariƙi a tsaye cak, daga bakin taki, wato leɓen da ƙafa ke fara tarar wa, zuwa saman sandar. Dokokin gini na Amurka sun sa shi tsakanin inci 34 da 38, wato santimita 86 zuwa 96 da rabi. Ƙa'idar Ingila ta ce santimita 90 zuwa 100. Wanda ya zaɓi 90 zuwa 95 ya shiga cikin duka biyun, kuma shi ne tsayin da ya fi dacewa da hannun yawancin manya. A makarantu da gidajen da yara suka yi yawa akan ƙara na biyu a ƙasa, wanda bai wuce santimita 70 ba, ba tare da an sauke na manya ba.

Kaurin sanda mai zagaye ya kasance tsakanin milimita 32 da 50. Dalilin shi ne yatsu su zagaye ta har babban yatsa ya kusa haɗuwa da sauran. Faffaɗan katako da ake dafawa da tafin hannu kawai yana da kyan gani, amma wanda santsi ya kwasa ba zai iya damƙarsa ba. Tsakanin sanda da bango a bar aƙalla milimita 38 bisa ƙa'idar Amurka; Ingila ta fi son 50 zuwa sama, kuma a bango mai kaushin filasta wannan ya fi, don kada gaɓoɓin yatsu su riƙa gogar siminti. A ɗaya ɓangaren, kada ya turo cikin matakala fiye da santimita 11 da rabi, musamman in hanyar ƙuntatacciya ce.

A Amurka dokar gidajen zama tana wajabta mariƙi a duk matakalar da ta kai hawa huɗu, kuma ana so ya jure nauyin fam 200, kimanin kilo 90, a kowane wuri da ta kowace fuska aka danna shi. A Ingila matakalar da faɗinta ya kai mita ɗaya tana buƙatar mariƙi a gefe biyu. A gine-ginen jama'a ana zarce da sandar santimita 30 a kwance bayan takin ƙarshe na sama, domin mutum ya kama ta tun kafin ya sa ƙafa a gangare.

Kayan aiki

Sandar kanta, ko dai katako mai ƙarfi irin maɗaci ko iroko wanda ya bushe sarai, ko bututun ƙarfe da ake yi wa fenti, ko na ƙarfen da ba ya tsatsa. A cikin na ƙarshen akwai mai lamba 304 da mai lamba 201. Na biyun ya fi araha, a ido kusan iri ɗaya suke, amma in yana shan ruwa da gumin hannu ba ya daɗewa sai ɗigon tsatsa ya fito masa. Matakalar waje da rana ke duka kuwa ƙarfe yana yin zafin da ba a iya riƙe shi da tsakar rana, abin da ya kamata a yi la'akari da shi a ƙasashe masu zafi.

Sai matokarai, kowanne da faifansa mai huda biyu ko uku da ke manne wa bango, da hannu, da ɗan sirdin da sanda ke zama a kai. Ana kuma buƙatar tef na awo, fensir, zare mai alli, ma'aunin magina mai ruwa, injin huda da bakin huda siminti na milimita 8 ko 10, fisha (robar da ake cusawa a ramin bango don sukuru ya kama) da sukurori, zarto ko injin yankan ƙarfe, da samfefa.

Lissafin tsawo da yawan matokarai

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora tef a bakin takin farko a ja shi bisa leɓunan har na ƙarshe. In lissafi ake so: matakala mai hawa santimita 17 da faɗin taki 27 tana da gangaren kusan santimita 32 daga leɓe zuwa leɓe, kuma karkatarta digiri 32 ce. Idan hawa 12 ne, tazara 11 ke nan, wato mita 3 da rabi. A ƙara santimita 30 a sama da tsawon taki ɗaya a ƙasa, sandar ta kai kimanin mita 4.1.

Tazarar matokarai kada ta wuce mita 1.2, kuma 90 zuwa 100 na santimita ya fi. Na farko da na ƙarshe su zauna santimita 15 zuwa 20 daga ƙarshen sandar. Sandar mita 4.1 tana son biyar, shida in akwai lanƙwasa a sama. Duk inda aka haɗa sanda biyu, a sa matokari kusa da mahaɗar.

Zana layi

A bakin takin ƙasa a ɗora ma'auni mai ruwa a tsaye, a auna santimita 90 a sa alama a bango. A yi haka a bakin takin sama, sannan a ja zare mai alli tsakanin alamomin biyu a buga. Wannan shi ne layin saman sanda. Ba a kansa ake huda ba. A haɗa matokari ɗaya da guntun sanda, a jingina shi a bango har saman guntun ya taɓa layin, a ga inda hudojin faifan suka faɗa, a auna tazararsu daga layin, a buga layi na biyu a ƙasa.

Nan ake yin kurakurai uku da suka fi yawa. Wani yakan auna daga tsakiya ko ƙuryar taki maimakon baki, sai mariƙin ya sauko da rabin tsayin hawa in daga tsakiya ne, ko kusan tsayin hawa guda in daga ƙurya ne. Wani ya kwantar da tef ɗinsa ya bi kusurwar gangare, sai santimita 90 ɗinsa ta zama 106 a tsaye. Wani kuma ya yi awo kafin a shimfiɗa tayil, wanda da shi da simintin ƙarƙashinsa sukan ci santimita biyu zuwa huɗu. A matakalar kankare da aka zuba da hannu takun ba sa zama daidai da juna, don haka bayan an buga layi a duba tsayinsa a taki uku ko huɗu na tsakiya. In akwai bambanci kaɗan, a bar layin a miƙe. Sandar ba ta bin kuskuren magini.

Irin bango da abin da ke riƙe shi

Wannan ne gundarin aikin. Matokari yana turo sanda kimanin santimita 8 daga bango, alhali faifansa ƙarami ne. Idan mutum ya faɗo da nauyinsa a kan sandar, gindin faifan yana dannuwa cikin bango, sukurun sama kuma ana fizgo shi waje, kamar yadda ake zare ƙusa da bayan guduma. Ƙarfin fizgar zai iya ninka nauyin mutumin.

A kankare ko cikakken bulo, fisha mai milimita 10 da sukuru mai tsawon milimita 70 zuwa 80 sun isa, matuƙar aƙalla milimita 50 sun shiga cikin ginin kansa. Filasta ba ta cikin lissafi, ba ta riƙe komai. A hura ƙurar ramin ta fita kafin a sa fisha, in ba haka ba a kan gari za ta zauna.

Bulo mai rami na inci 6 da inci 9, wanda da shi ake yawancin gini a Najeriya da Nijar, shi ne mai wahala. Fatarsa 'yan santimita ce, bayanta kuma fili, sannan bulon da aka yi wa rowar siminti yana marmashewa. A kashe bugun injin a huda da juyi kawai, domin bugun yana ɓalle fatar ta ciki. Noti mai buɗewa da ake sa wa kankare bai dace ba, yana tsaga bulo. Mafita uku ce. Ta farko, fisha da aka ƙera don bango mai rami, wadda ke dunƙulewa a bayan fata, in bulon mai kyau ne. Ta biyu, sandar noti da ake kafewa da gam na musamman cikin 'yar raga, a bar shi ya daskare iya lokacin da kamfanin ya rubuta. Ta uku, wadda birkiloli suka fi sani, a fasa ramin bulon a cika shi da kankare, a jira kamar mako guda kafin a huda. Wanda yake kan gini ya fi kowa sauƙi, domin zai iya cika bulon da ke kan layin mariƙin tun ana jera shi.

Bangon allo irin na gidajen Turai da Amurka ba ya riƙe sukuru. Dole a nemo katakan da ke tsaye a bayansa, waɗanda ke da tazarar santimita 40 ko 60, a ɗaura a cikinsu. In ba su faɗa inda ake so ba, a kafa dogon katako mai faɗin santimita 10 zuwa 15 bisa layin, a ɗaure shi a kowane katakon ciki, a ɗora matokarai a kansa. Bangon ƙasa kuwa ba a dogara da shi. Gara a kafa ƙafafu a jikin matakalar.

Kafin kowace huda a lura da makunnin fitila. Kusan kowace matakala tana da ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, kuma bututun wayarsu yakan tafi a miƙe sama ko gefe cikin filasta.

Ɗaurawa

A fara da matokarin sama da na ƙasa, kowanne da sukuru ɗaya ba a matse ba. Mutum biyu su ɗora sandar, a juya sirdin har ya kwanta a ƙarƙashinta, a sake auna tsayi, sannan a huda sauran ramukan a matse. Na tsakiya sai a jera su da sandar a wurinta. Idan filasta ta yi tudu da kwari, a cusa wasa, wato ɗan zoben ƙarfe mai faɗi, a bayan faifan da bai kai ba, kada a janyo sandar da ƙarfi ta lanƙwashe. Katako mai tauri a fara yi masa ƙaramar huda kafin sukuru, in ba haka ba ya tsage ko kan sukurun ya karye. In walda za a yi, a ɗan ɗiga a kowane matokari tukuna, a duba miƙewa, sannan a cika, domin zafi yana jan bututu. A rufe tayil da kwali ko katako, tartsatsin walda yana barin tabon da ba ya fita.

Inda gangare ya haɗu da sashen kwance, kowane guntu ana yanke shi da rabin kusurwar matakalar, wato digiri 16 a misalin da ya gabata. Ƙarshen sanda kuma a mayar da shi ya juya ya shiga bango da yankan digiri 45. Buɗaɗɗen ƙarshe yana kama hannun babbar riga, gefen mayafi ko igiyar jaka, ya fizgo mai saukowa.

Gwaji da kulawa

Babban mutum ya kama sandar a kan kowane matokari da tsakaninsu, ya danna ƙasa da nauyinsa, ya ja waje. In faifai ya motsa ko garin siminti ya zubo daga bayansa, ramin ya buɗe, kuma ƙara matsewa ba ya gyara shi. Sai a matsar da matokarin santimita 10 ko a koma ga gam. A bi sandar da tafin hannu daga ƙasa zuwa sama ba tare da an ɗaga ba, duk inda hannu ya tsaya ko ya ji kaifi a goge. Katako yana tsukewa a hunturu ya kumbura da damina, don haka sukurorin ƙarƙashin sirdi suna sassautawa. A sake matse su bayan shekarar farko, a kuma sabunta banish ko fenti da zarar ya fara ɓarewa a wuraren da hannu ya fi gogawa.