Waiwaye: Yadda iyayen 'yan jaridar sojan ruwan Amurka suka samu gurbi a tsarin kula da iyali

Matashin da ya shiga rundunar sojan ruwan Amurka da niyyar koyon aikin jarida da ɗaukar hoto yana bi ta ƙofa biyu kafin a kira shi ƙwararre. Ƙofar farko ita ce barikin horar da kurata na Great Lakes da ke bakin tafkin Michigan a jihar Illinois, wanda aka buɗe a 1911, kuma tun tsakiyar shekarun 1990 shi kaɗai ya rage wa rundunar don wannan aiki. Ta biyu ita ce makarantar yaɗa labarai ta Ma'aikatar Tsaro, wadda aka fi sani da DINFOS, a barikin Fort Meade na jihar Maryland. A daren da kurtu ya isa Great Lakes ana ba shi damar kiran gida na ɗan lokaci kaɗan, ya shaida wa iyayensa cewa ya sauka lafiya, daga nan sai shiru ya biyo baya har ranar da wasiƙa za ta zo ɗauke da adireshinsa da ranar faretin yaye su. Shekaru da yawa akwai wani abu da yake rigan wasiƙar isowa, wato kwali ɗauke da tufafin da yaron ya bar gida da su.

Tambayar da ta daɗe tana bin wannan tafiya ita ce wa yake kula da waɗanda aka bari a gida, musamman uwa da uba. Tarihi ya nuna cewa rundunar ta gina tsarin kula da iyali ne a kan matar aure da 'ya'ya, domin su ne doka ta ɗauka a matsayin waɗanda ke ƙarƙashin ɗawainiyar soja. Iyaye kuwa, ko da su ne suka sa hannu a takardar amincewa idan yaron yana da shekara 17, ba su cikin inshorar lafiyar soja, ba su kuma da katin shiga bariki sai fa idan an tabbatar cewa ɗan ne yake ɗauke da nauyinsu. Mafi yawan abin da suke da shi a yau su ne suka fara gina shi da hannunsu, hukuma ta biyo baya.

A 1904 aka kafa ƙungiyar agaji ta sojan ruwa, kuma manufarta ta farko ita ce taimakon matan da mazajensu suka rasu a bakin aiki da marayunsu. Shekara ɗaya bayan haka, a 1905, Majalisar Dokokin Amurka ta sabunta takardar izinin ƙungiyar Red Cross, inda ta ɗora mata aikin zama hanyar sadarwa tsakanin jama'a da sojojinsu, aikin da take yi har yau idan an yi rasuwa ko rashin lafiya mai tsanani a gida. Amma abin da ya shafi iyaye kai tsaye daga cikin gidaje ya fito. A 1917 wani kyaftin na sojan ƙasa daga jihar Ohio, Robert Queisser, wanda 'ya'yansa biyu ke fagen daga, ya ƙirƙiro ƙaramar tuta mai shuɗin tauraro da ake ratayawa a taga don nuna cewa gidan yana da ɗa a soja, ana kuma mayar da tauraron ruwan zinare idan ɗan ya rasu. A 1930 wasu iyaye mata a garin McAllen na jihar Texas suka kafa ƙungiyar uwayen sojan ruwa, sannan a 1942 aka kafa ƙungiyar uwaye masu shuɗin tauraro a garin Flint na jihar Michigan, wadda Majalisa ta ba wa takardar izini a 1960. Aikinsu bai wuce haɗa kayan masarufi a aika wa sojoji ba, da ziyartar asibitoci, da kuma zama tare da uwar da ta daɗe ba ta ji daga ɗanta ba.

Babu labarin da ya fi nuna duhun da iyaye ke ciki a wancan zamani kamar na 'yan'uwa biyar na gidan Sullivan daga garin Waterloo a jihar Iowa. Dukkansu suna cikin jirgin yaƙi na Juneau lokacin da Japan ta nutsar da shi ranar 13 ga Nuwamba 1942 a yaƙin Guadalcanal, kuma babu wanda ya tsira a cikinsu. Saboda dalilan tsaro rundunar ba ta bayyana asarar jirgin ba, wasiƙu suka daina zuwa, jita-jita ta cika gari, har mahaifiyarsu Alleta Sullivan ta rubuta wa hukumar sojan ruwa a watan Janairun 1943 tana roƙon a gaya mata gaskiya. Sai a cikin wannan watan, wato bayan wata biyu, jami'ai suka je gidan da labarin. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma duk wanda ya taɓa jiran labarin ɗansa ya san abin da wata biyun nan suke nufi.

A cikin wannan Yaƙin Duniya na Biyu ne sana'ar da muke magana a kanta ta kafu sosai. Rundunar tana da masu ɗaukar hoto tun shekarun 1920, amma a 1942 ta ɗauko fitaccen mai hoto Edward Steichen, yana da shekara fiye da 60, ta ba shi jagorancin wani rukuni da ya riƙa bin jiragen dakon jiragen sama a tekun Fasifik. Abin da ya bambanta hotunan rukunin shi ne yadda suka mai da hankali a kan fuskokin matasan da ke aiki a cikin jiragen, ba a kan bindigogi da ƙarafa kaɗai ba. A 1945 kuma aka buɗe cibiyar aika labarai zuwa garuruwan sojoji, inda soja ke cike takarda da sunansa da sunan iyayensa da garinsu, marubutan rundunar su mayar da ita ɗan gajeren labari, a aika wa jaridar garin cewa wane ɗan wane ya samu ƙarin girma ko ya kammala wani horo. A 1948 aka mayar da aikin jarida sana'a mai zaman kanta a jerin sana'o'in rundunar. Ke nan tun asali, wani babban ɓangare na aikin ɗan jaridar sojan ruwa shi ne sanyaya zuciyar iyayen wasu, kuma a ganina wannan ne ya sa halin da iyayensa shi kansa suke ciki ya cancanci a duba shi daban.

Makarantar da ke koyar da sana'ar ta yi ƙaura sau da dama. Ta faro a 1946 a barikin Carlisle na jihar Pennsylvania a matsayin makarantar sojan ƙasa, ta koma Fort Slocum a jihar New York, inda a 1964 aka mayar da ita ta dukkan rundunoni da sunan da take amsawa yanzu. A 1965 ta koma Fort Benjamin Harrison a jihar Indiana, ta zauna shekara talatin, sannan ta sauka a Fort Meade a 1995, daga baya aka haɗe ta da makarantun koyar da hoto da bidiyo.

Ta fuskar iyali kuwa, babban sauyi ya zo ne a 1970, lokacin da Admiral Elmo Zumwalt ya zama shugaban rundunar. Ranar 14 ga Satumba na wannan shekara ya ba da umarnin a samar da wakiliyar iyalai a sansanonin rundunar, wadda za ta riƙa kai koken gida ga kwamanda ta kuma dawo da amsa, ya aro sunan muƙamin, ombudsman, daga ƙasashen Turai ta arewa. Umarnin ya ambaci matan aure ne ƙarara. A 1973 Amurka ta daina tilasta wa matasa shiga soja, sai ya zama dole rundunar ta riƙa lallashin mutane su shigo su kuma zauna, abin da ya kai ga buɗe cibiyar kula da iyalai ta farko a Norfolk a 1979. Kawar da tilas ya ɗaga darajar iyaye ta wata hanya, domin masu ɗaukar kurata sun gane cewa matashi ɗan shekara 18 ba kasafai yake sa hannu ba idan uwarsa ta ƙi. Sai dai dokar kare sirrin bayanai ta 1974 ta ja wani layi: wanda ya balaga, ba za a buɗe wa kowa bayanansa ba sai da izininsa. Uwar da ta kira bariki tana tambayar dalilin da ya sa aka mayar da ɗanta baya a horo, ko me ya kai shi asibiti, amsar da za ta samu ita ce ta jira shi ya kira da kansa.

Ranar 1 ga Yuli 2006 rundunar ta narkar da sana'o'i huɗu, wato ɗan jarida da mai ɗaukar hoto da ma'aikacin maɗaba'a da mai zane, ta mayar da su ɗaya, wadda sojoji da iyayensu ke kira MC a taƙaice. Sakamakon haka ɗalibi ɗaya ne zai koyi rubuta labari, da ɗaukar hoto da bidiyo, da tsara shafi a kwamfuta, da ƙa'idojin hulɗa da jama'a, duka a cikin kimanin wata shida. Idan aka haɗa da horon kurata, wanda ya daɗe yana mako takwas kafin a ƙara shi zuwa goma a 2022 a kuma rage shi zuwa tara a 2025, da kwanakin jiran a buɗe sabon aji, yaro kan kusan cinye shekara kafin ya san inda za a tura shi. A wannan tsakani iyaye na fama da abubuwan da ba a rubuta a takardar ɗaukar aiki ba. Ɗalibi yana samun 'yanci ne mataki-mataki, daga zama cikin kaki a cikin bariki zuwa izinin fita da kayan gida, don haka uban da ya yanki tikitin jirgi ba tare da ya san matakin da ɗansa yake ba zai iya zuwa ya tarar ba za a bar shi ya kwana waje ba. Jarrabawar makarantar kuma ba ta wasa ba ce, wanda ya faɗi akan mayar da shi aji na baya, idan abin ya ci tura a sauya masa sana'a. Irin wannan ilimi iyayen da suka riga suka bi hanyar ne suke miƙa wa na baya, kamar yadda uwayen McAllen suka yi a 1930, illa dai waya da intanet sun maye gurbin zaman falo.

Bayan yaye, da yawa daga cikinsu ana tura su manyan jiragen dakon jiragen sama, ko rukunonin hulɗa da jama'a da ke Norfolk da San Diego waɗanda ke raba ma'aikata ga jiragen da za su fita teku. Har zuwa 2018 rundunar tana da rukunoni na musamman masu ɗaukar hoto a fagen fama, kafin ta rufe su a wannan shekara, amma hakan bai mayar da aikin na ofis zalla ba, domin mai riƙe da kyamara a saman jirgin da jiragen yaƙi ke tashi da sauka yana tsaye ne a ɗaya daga cikin wuraren aiki mafi haɗari, kuma idan gobara ta tashi shi ma sojan ruwa ne kamar kowa. A nan ne wani abu na daban ke bayyana ga iyayen MC. Sauran iyaye suna bin hotunan da rundunar ke saki suna neman fuskar 'ya'yansu, su kuwa ƙasan hoton suke dubawa, inda ake rubuta muƙami da sunan wanda ya ɗauka. Wannan layin rubutu shi ne shaidar cewa a rana kaza yaron yana raye yana bakin aiki, ko da an rufe hanyoyin sadarwar jirgin na kwanaki.

Akwai kuma nauyin kame baki. Ɗansu ne yake sanin abin da aka yarda a saki da abin da aka hana, kuma ana koya wa iyaye tun farko cewa kada su faɗi ranar da jirgi zai tashi ko zai dawo, ko tashar da zai tsaya, domin sakin irin wannan bayani na iya sa a sauya jadawalin jirgi gaba ɗaya. Abin da hukuma ta tanada musu a yau ya fi na zamanin Alleta Sullivan nesa ba kusa ba, amma kusan kowace ƙofa da hannun ɗan ake buɗe ta. Wakiliyar iyalai ta jirgi tana karɓar iyayen sojan da bai yi aure ba, muddin shi ya sa sunansu a jerin waɗanda za a riƙa sanarwa. Red Cross tana isar da saƙon gaggawa bayan ta tabbatar da shi daga likita ko asibiti, amma tana buƙatar cikakken suna da muƙami da ranar haihuwa da adireshin rukunin da yake, sannan kwamandansa ne kaɗai zai yanke hukuncin ko za a ba shi hutu ya zo gida. Shi ya sa iyayen da suka kwana biyu a harkar suke fara gaya wa sababbi su nemi ɗansu ya cike waɗannan takardu tun yana Fort Meade, su kuma rubuta bayanan a ajiye kusa da waya, kafin jirginsa ya bar tasha.