Jadawalin aiki da kiyasin kuɗi a injin casar shinkafa: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa jadawalin da aka tsara a farkon wata yakan rushe tun kafin mako na biyu?

Saboda yawanci ana gina shi ne a kan abin da aka rubuta a jikin inji. A ce an rubuta yana cashe tan 1 a awa. Mai inji ya lissafa awa 8 sau kwana 26, ya samu tan 208, ya yi wa dillalai alkawari a kan haka. Amma a cikin awa 8 ɗin nan akwai salla da cin abinci, akwai ɗauke wuta da jiran a tada janareta, akwai tsinkewar bel da share rariya, ga Juma'a rabin yini ce. Idan aka cire su, awa 5 a kwana 24 ta fi kusa da gaskiya, wato tan 120. Tan 120 ɗin ma shanshera ce, wato shinkafar da ba a casa ba. Bayan an fitar da ɓuntu da dusa, abin da yakan rage kashi 60 zuwa 65 ne cikin ɗari, kusan buhu 1,500 mai kilo 50.

To daga ina za a samo adadin da za a dogara da shi?

Daga littafin injin kansa. A riƙa rubuta abu huɗu kullum: lokacin tada inji, lokacin kashe shi, buhun da ya fita, da dalilin duk wata tsayawa. Bayan mako 6 zuwa 8 a jera ranakun daga mafi ƙaranci zuwa mafi yawa, a ɗauki ta tsakiya. Ranar da aka fi kowace aiki ba ma'auni ba ce, ko da yake ita ce kowa ya fi tunawa.

Inji ne kaɗai ke jawo jinkiri?

Sau da yawa ma ba shi ba ne. Mai yin gumi ya san shanya ce ke riƙe aiki. Shinkafar da aka turara sai danshinta ya sauka zuwa wajen kashi 14 kafin a casa, in ba haka ba ta kakkarye, tsaki ya yi yawa. Da rani rana tana yin aikin da wuri, a watan Agusta kuwa hadari ɗaya ya isa a kwashe shanya. Don haka jadawalin damina daban, na rani daban. Azumi kuma yana matsowa da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara; wanda ya kwafi jadawalin bara wata da wata zai sa cikakken aiki a makon da ma'aikata suka tafi gida Sallah.

Ta yaya ake kiyasin kashe kuɗi alhali farashi ba ya zama wuri ɗaya?

A raba yawa da farashi. Kada a rubuta "mai, naira kaza". A rubuta lita nawa janareta ke sha a awa, awa nawa zai yi a mako, sannan farashin lita a gefe. Idan farashi ya motsa, layi ɗaya za a gyara. Waɗanda suka yi kasafin dunƙule sun gani a jikinsu: an cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya tashi nan take, a Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, naira 225 kowane yunit, a Yulin shekarar aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.

Shanshera ita ce ke cin mafi yawan jari, kuma farashinta na kaka a Kura ko Haɗejiya ba shi ne na bazara ba. A yi lissafi uku: farashin yau, ƙarin kashi 10, ƙarin kashi 25. In na ukun ya cinye riba, kada a karɓi oda mai tsayayyen farashi na wata uku.

Waɗanne kuɗi aka fi mantawa da su?

Kuɗin dako da sauke kaya, buhun zuba shinkafa da zaren ɗinki, ladan dillali, man juye na janareta, sauya robar casa, da ramar da buhu ke yi a sito.

Littafi ya nuna riba, amma babu kuɗin sayen shanshera. Ina matsalar take?

Lokacin shigar kuɗi da na fitarsu ne ba su haɗu ba. Manomi kuɗi hannu yake so, ɗan kasuwa kuma ya ɗauki kaya bashi ya ce sai bayan mako biyu, ya kai huɗu. A zana tebur na mako 13, kowane mako da abin da zai shigo da abin da zai fita. Bashi a rubuta shi a makon da mutumin ya saba biya, ba makon da ya yi alkawari ba. Duk ranar Asabar a cire makon da ya wuce, a ƙara sabo a ƙarshe, a gwada kiyasi da abin da aka kashe. Layin da ya zarce da kashi 10 mako biyu a jere, kiyasinsa za a gyara, ba a jira ƙarshen wata.