Tara Tsofaffin Kwanuka da Butocin Baƙi a Kano

Tara tsofaffin kayan cin abinci shi ne nemo kwanuka, farantai, tasoshi, tire, butoci da jug waɗanda aka daina ƙera irinsu, a adana su don ado ko don a fito da su ranar baƙi. A birnin Kano tushen wannan sha'awa yana cikin al'adar jere, wato kayan da iyaye kan shirya wa amarya a ɗakinta, daga ƙasa har kusa da rufi.

Asali

Jeren farko na ƙwarya ne da akushi, sai tasoshin tagulla a gidajen masu hali, waɗanda da yawansu aikin maƙeran Bida ne a ƙasar Nufe. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa suka cika kasuwa da kwanukan ƙarfe masu fenti mai sheƙi, irin su fanteka, langa, kumbo da kwalla. An riƙa shigo da su daga Turai, musamman Cekoslobakiya, daga baya kuma Hong Kong. Wajen shekarun 1960 'yan kasuwar Sin suka kafa masana'antun wannan kwano a Najeriya, har da Kano. Sannan aka shiga yayin samira da tangaram, kafin kula da silba da roba su ture su.

Jere dukiyar mace ce. Idan buƙata ta taso, takan ba dillaliya saiti ɗaya ta sayar mata. Don haka yawancin kwanukan jere ba su taɓa ganin miya ba, shi ya sa har yau ake samun fanteka mai shekara 50 ko ƙwarzane babu. Wanda aka ci tuwo a ciki kullum kuwa tuni ya koma mazubin dusar awaki.

Inda ake samu

Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ita ce matattarar tagulla, akushi da ƙwarya mai zane, sai dai sabo da tsoho a gauraye suke. Tsofaffin kwanuka da tangaram sun fi fitowa ta hannun dillalai mata masu shiga gida-gida, ko lokacin rabon gado.

Gane tsoho da mai kyau

Abin da ake fara dubawa shi ne gindin kaya, inda hatimi yake. Rubutun "Made in Czechoslovakia" yana nuna an yi abin tsakanin 1918 da 1992, shekarun da ƙasar ta wanzu. "W. Germany" bai wuce tsakanin 1949 da 1990 ba. Tangaram mai "Made in Occupied Japan" na bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne, zuwa 1952. A kan butar shayi ko tire mai launin azurfa, haruffan EPNS na nufin ruwan azurfa kawai aka shafa a kan wani ƙarfe, lamba 925 kuwa alamar azurfa ce ta gaske. Jug da kwanukan yumɓu na cibiyar koyar da ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, suna ɗauke da hatimin sunan Abuja da haruffan Larabci, na hannun Ladi Kwali, fitacciyar mai ginin tukwane ta cibiyar, kuma an ƙara musu LK. Irin waɗannan ba kasafai suke faɗowa kasuwa ba, kuma masu tarawa a ƙasashen waje suna sayensu da tsada.

Hatimi kaɗai bai isa ba. Tagulla ta gaske maganaɗisu ba ya kama ta. Idan ya manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla. Tasar da aka ƙera da hannu ana ganin sawun guduma a cikinta, kuma zanenta ba ya zama daidai wa daida. Wasu 'yan kasuwa kan dusashe sabuwar tagulla don ta yi kama da tsohuwa, amma dusashewar shekaru takan taru a cikin ramukan zane, ta bar mariƙi da baki suna sheƙi saboda taɓawar hannu. Tangaram kuma ana ɗora shi a tafin hannu a ƙwanƙwasa da farce: lafiyayye yana amsawa kamar ƙararrawa, mai ɓoyayyar tsaga sai ya yi ƙara a dakushe.

Jug da buta suna da wurare uku da suke fara mutuwa: mahaɗin mariƙi, bakin zubawa da kewayen gindi. A cika shi da ruwa, a ɗora kan busasshiyar takarda na minti 30. Ko yoyon bai kai a gani da ido ba, takardar za ta nuna. A kwanon fenti, a ɗaga shi sama a fuskanci rana, domin tsatsa kan huda gindi ƙanana-ƙanana.

Darajar kwano tana ga murfinsa da 'yan'uwansa. Saiti cikakke, daga babba zuwa ƙarami, kowanne da murfinsa na asali, ya fi tarin ɗaiɗaiku nesa ba kusa ba. Murfin aro ana gane shi ta furen da bai dace da na jiki ba, ko ta yadda yake rawa a baki.

Na ci da na kallo

Nan ne masu tarawa suka fi yin kuskure. Fentin kwano ba fenti ba ne irin na bango, gilas ne da aka narkar a kan ƙarfe da zafin da ya kai wajen digiri 800. Idan ya ɓantare, ƙarfen ya fito fili, tsatsa ta shiga ƙarƙashi tana ɗaga sauran, ɓarɓashin gilas kuma yana iya faɗawa cikin abinci. Kwanon da ya ɓantare daga ciki ya zama na ado ke nan; ɓantarewar waje ba ta hana amfani.

Tsofaffin launuka, musamman ja, rawaya da ruwan lemo, sau da yawa akwai dalma ko kadmiyam a cikinsu, haka ma zanen da aka yi a saman tangaram da gilas mai nauyi da ake kira kiristal. Tsami shi ke jawo waɗannan guba zuwa cikin abin sha, abubuwan shanmu kuwa kusan duk masu tsami ne: zoɓo, kunun tsamiya, lamurje, fura da nono. Zoɓon da ya kwana a tsohon jug mai launi a ciki bai kamata a ba kowa ba, balle yara da masu juna biyu. Tagulla ma haka: tsami da gishiri kan fito mata da koren tsatsa mai guba. Tiren tagulla ya dace da goro, dabino da kofunan shayi, butar kuma da ruwan wanke hannun baƙi. Abin sha mai tsami a bar wa gilas marar zane ko silba.

Wanki da ajiya

Kwanon fenti ruwan ɗumi da sabulu da soso mai laushi yake so. Soson ƙarfe yana kashe sheƙinsa har abada. Idan tabo ya kama, a jiƙa shi awa ɗaya a ruwan ɗumi lita 1 da cokali 2 na bekin soda. Kada a zuba tafasasshen ruwa a tangaram ko gilas mai sanyi, musamman da safiyar hunturu, domin nan take yake tsagewa. Tagulla ana goge ta da lemon tsami da gishiri ko toka mai laushi, a ɗauraye sosai, a tsane da ƙyalle nan da nan. Mai EPNS kuwa yawan guga yana cinye ruwan azurfar har ƙarfen ƙasa ya bayyana.

Yanayin Kano yana cin kaya ta fuska biyu. Iskar hunturu tana busar da akushi da ƙwarya su tsage, don haka ana shafa wa akushi ɗan man kaɗanya kafin sanyi ya shigo. Ƙwaryar da ta riga ta tsage sai gyartai. Damina kuma tsatsa take kawo wa kwano, shi ya sa ba a rufe shi da laima a ciki. Wajen jerawa a kwaba ko shogilas, ana sa ƙyalle ko takarda tsakanin kwano da kwano, farantai kada su wuce 6 a ɗore, jug kuma a tsaye ake ajiye shi, ba a rataye shi ta mariƙi.