Ba a ɗaukar farfaɗiya ta miyau

A Damagaram har yau in yaro ya faɗi yana kumfa, sai kowa ya watse don gudun miyansa. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa. Saƙonnin ƙwaƙwalwa ne ke rikicewa na ɗan lokaci, sau da yawa bayan sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko wahalar haihuwa.

Wannan gudun ne ke cin ran matashi: a ware masa kwano, a cire shi daga lakwal, ya shiga ƙunci. Uwarsa ba ta barci, tana ɓoye ciwon don kada 'ya'yanta mata su rasa miji. Abin da ciwo ƙwarai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu ciwon na iya daina faɗuwa in suna shan magani kullum. In mai ciwon ya faɗi, a kwantar da shi a kan gefen jikinsa, kada a sa masa cokali a baki.