Miyosaitis Mai Taɓa Huhu: Abin da Gwajin Jini Ke Nunawa

Miyosaitis rukunin cututtuka ne da garkuwar jiki ke juyowa ta far wa tsokar mai ita, har tsokar ta kumbura ta yi rauni. Ba a ɗaukarsa daga wani. Raunin yakan fara daga cinyoyi da kafaɗu: magidanci ya kasa miƙewa daga tabarma sai ya dafa bango, mace ta kasa ɗaga hannu ta ɗaura kallabi. Idan ciwon ya haɗa da fata, sunansa damatomiyosaitis. Likitoci biyu, Bohan da Peter, su suka tsara ƙa'idojin gane shi a 1975. Cikin manyan abubuwan da ke zama ajalin masu shi akwai taɓuwar huhu, inda bangon 'yan jakunkunan iska ke kumbura, daga baya ya yi tabo, sai busasshen tari da haki su biyo baya.

Antibodi

Antibodi makami ne da jiki ke ƙerawa don yaƙar ƙwayar cuta, amma a nan kansa yake hari da shi. Irin wanda aka samu a jini shi ke nuna inda ciwon ya dosa. Anti-Jo-1, wanda aka gano a 1980, yakan zo da ciwon gaɓoɓi, zazzaɓi da kaushin gefen yatsu. Huhun mai shi yakan lalace a hankali, yana jin magani, sai dai ciwon yakan dawo idan aka sassauta.

Anti-MDA5 shi ne abin tsoro. Masu bincike a Japan suka fara bayyana shi a 2005, aka tantance abin da yake hari a 2009. Mai shi sau da yawa tsokarsa lafiya lau, yana tafiya da ƙafarsa, sai gyambo a gaɓoɓin yatsu da gwiwar hannu da ƙuraje masu zafi a tafin hannu. Cikin 'yan makonni numfashi na iya gagararsa, kuma mafi yawan mace-macen suna aukuwa ne a watanni shida na farko. Idan aka sami anti-MDA5 tare da wani antibodin mai suna anti-Ro52, lamarin ya fi muni.

Ma'aunan tsanani

Sinadarin CK, wanda ke tsiyayowa daga tsokar da ta ji rauni, shi aka fi sani, amma labarin tsoka kaɗai yake bayarwa. Kuskure ne babba a ga CK daidai a sallami mai haki.

Feritin ya fi shi amfani a nan. Asalin aikinsa ajiyar sinadarin ƙarfe ne, amma yana hauhawa idan kumburi ya yi ƙamari. Binciken Japan ya nuna cewa wanda feritinsa ya kai nanogiram 1,600 a kowace mililita ta jini yana cikin haɗari sosai. Saukarsa bayan fara magani alama ce mai daɗi. Sinadarin KL-6 kuwa daga bangon huhu yake fitowa, kuma a lafiyayye bai cika kai 500 ba. A 2021 likitocin Japan suka haɗa abu uku wuri guda: samun anti-MDA5, CRP (sinadarin jini mai nuna kumburi) da ya kai miligiram 1 a desilita, da KL-6 da ya kai 1,000. Gwargwadon yawan waɗanda suka taru a kan mutum, gwargwadon haɗarinsa. Hawan LDH (sinadarin da ke tsiyayowa daga sassan jiki da suka lalace) da ƙarancin fararen ƙwayoyin jini na limfosait su ma ana duba su, tare da hoton CT na ƙirji.

Amfanin wannan lissafi shi ne kada a ɓata lokaci. Wani bincike da aka buga a 2020 ya nuna cewa cikin masu anti-MDA5 da aka haɗa musu magungunan danne garkuwa uku, prednisolone, tacrolimus da cyclophosphamide, tun farko, kashi 89 cikin ɗari sun kai wata shida da rai, alhali waɗanda aka riƙa ƙara wa magani ɗaya bayan ɗaya kashi 33 ne suka kai.

A Katsina da Daura

Waɗannan alƙaluma daga Gabashin Asiya suka fito, don haka sai an karanta su da lura a nan. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga feritin da LDH, haka ma ƙarin jini da ake yawan yi wa masu sikila yana tara feritin. Jan ƙurjin da littattafai ke kwatantawa a fatar ido da bayan yatsu, a baƙar fata duhu-duhu yake fitowa, kuma kaushin yatsu ana iya ɗora shi a kan hunturu.

Babban tarko shi ne tarin fuka. Dole a fara gwada majina, domin maganin da ke danne garkuwa yana tayar da shi. Amma idan gwajin bai nuna komai ba, ga haki yana ƙaruwa, ga gyambo a yatsu, ya kamata a tura majinyaci babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ba a ce ya je ya dawo bayan wata biyu ba. Gwajin antibodi galibi sai an aika da jini manyan ɗakunan gwaji, kuma sakamakon yana ɗaukar kwanaki. Kafin ya iso, likita yakan dogara da feritin, CRP, hoton ƙirji, da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, a auna iskar jinin majinyaci yana zaune, a sake aunawa bayan ya taka na minti shida.