Lambun Shaƙatawa na Birni

Lambun shaƙatawa na birni fili ne da aka keɓe a cikin gari ko a gefensa, aka hana gini a kansa, aka dasa itatuwa da ciyawa, domin jama'a su shiga su huta, su motsa jiki, ko su zauna kawai su sha iska. Galibi hukumar birni ce ke riƙe da shi. Akwai kuma wasu wurare na sarari da mutane ke ziyarta don irin wannan buƙata, kamar tsohuwar ganuwa, kufai, dandali, hasumiyar tunawa, dutsen da ake hango gari daga kansa, da bakin kogi ko tafki. Masu tsara birane kan haɗa su duka su kira su filayen jama'a. Sun bambanta da gandun daji na ƙasa, wanda aka tanada da farko don kare namun daji da tsirrai, kuma yawanci yana nesa da gari. Shi lambun birni don mazauna aka yi shi, kuma darajarsa ta dogara ne da yawan zuwansu.

Asali

Lambuna masu tsari sun daɗe a duniya, amma na sarakuna ne. A ƙasar Farisa aka ƙware wajen raba lambu gida huɗu da magudanan ruwa, tsarin da ya bazu cikin daulolin Musulunci daga Andalus har Indiya. Lambun Shalimar na Lahor, wanda aka fara ginawa a 1641 a zamanin Shah Jahan, yana cikin waɗanda suka rage har yau. A Turai kuwa manyan lambuna da dama sun faro ne a matsayin dajin farautar sarki. Sarki Henry na 8 ya ƙwace filin da ake kira Hyde Park a Landan daga hannun coci a 1536 don farauta, kuma sai a 1637 aka buɗe shi ga jama'a. Haka Sarki Joseph na 2 ya buɗe Prater na birnin Vienna a 1766. Boston Common na Amurka, wanda aka kafa a 1634, makiyaya ce ta gari tun asali, kuma shanu sun ci gaba da kiwo a cikinta har 1830.

Lambun da aka gina musamman don talakawa, da kuɗin jama'a, ɗan ƙarni na 19 ne. Masana'antu sun jawo mutane cikin garuruwan Ingila fiye da yadda gidaje za su ɗauka, hayaƙi ya rufe sama, kwalara ta yi ta ɓarna. Likitocin lokacin sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo annoba. Sun yi kuskure game da kwalara, domin ta ruwa take yaɗuwa, amma kuskuren ya taimaka wajen shawo kan hukumomi su ware filaye masu itatuwa. A 1847 aka buɗe lambun Birkenhead kusa da Liverpool, wanda Joseph Paxton ya tsara. Dabarar da aka bi wajen samun kuɗinsa ta zama abin koyi: an sayar da filayen da ke kewaye da shi ga masu gina gidaje, domin kowa ya san gidan da ke kallon lambu ya fi tsada.

Wani Ba'amurke mai suna Frederick Law Olmsted ya ziyarci Birkenhead a 1850, ya ga mai kuɗi da lebura suna yawo a wuri ɗaya, abin ya zauna masa a rai. A 1858 shi da Calvert Vaux suka ci gasar tsara Central Park na birnin Niyok, mai faɗin hekta 341. Baƙon da ya shiga wannan lambu yau zai iya ɗauka wani yanki ne na daji da aka bari yadda Allah ya yi shi. Kusan komai nasa aikin hannu ne. An fasa duwatsu da albarushi, an haƙa tafkuna, an kwaso ƙasa mai kyau daga wani wuri. An kuma nutsar da hanyoyi huɗu da ke ratsa lambun ƙasa da idon mai yawo, yadda kekunan doki za su wuce ba tare da sun katse masa tafiya ba. Kafin a fara aikin an tashi kimanin mutum 1,600 daga filin, ciki har da mazauna Seneca Village, unguwar da yawancin mutanenta baƙar fata ne, da yawa daga cikinsu masu mallakar gidajensu. An daɗe ba a ambaton wannan ɓangare na tarihin wurin.

Lambunan da aka ƙwato daga juji

Tunda ƙasa mai kyau a tsakiyar gari ba ta zama babu mai ita, lambuna da yawa sun tashi ne a wuraren da kowa ya guda. Buttes-Chaumont na Faris, da aka buɗe a 1867, tsohon ramin haƙar dutse ne da ya koma wurin zubar da shara.

Misali mafi burgewa a wannan fanni shi ne lambun Al-Azhar na Alƙahira. Wurin tudu ne na shara da ɓaraguzan gini da aka yi ta jibgewa kusan shekara 500 a gefen tsohon gari. A 1984 Aga Khan na 4, jagoran Musulmi Isma'ilawa na lokacin, ya bayyana niyyar yi wa birnin kyautar lambu, gidauniyarsa ta al'adu ta ɗauki aikin, aka buɗe shi a 2005 da faɗin kimanin hekta 30. Ƙasar wurin gishiri ya cinye ta, sai da aka kwashe mai yawa aka zuba wata. An kuma shigar da manyan tankunan ruwa uku na birnin cikin tsarin, aka binne su ƙarƙashin lambun. Ana cikin haƙa sai ga ganuwar zamanin Ayyubawa, wadda aka fara ginawa a lokacin Salahuddin, ta fito daga ƙarƙashin shara, tsawonta ya kai wajen kilomita ɗaya da rabi. Aka gyara ta, aka kuma gyara gidaje da masallatai a unguwar Darb al-Ahmar da ke jikinta. Wanda ya tsaya a kan tudun yanzu yana hango hasumiyoyin tsohuwar Alƙahira da babbar ƙal'ar Salahuddin, wato sansaninsa mai ganuwa. A nan lambu da wurin tarihi sun zama abu ɗaya.

Dajin Tijuca na Rio de Janeiro shi ma dashe ne. Gonakin kofi sun cinye itatuwan tsaunukan har maɓuɓɓugan ruwan birnin suka fara ƙafewa, sai aka fara sake dasa su a 1861 da ƙwadagon bayi. A cikin wannan daji ne dutsen Corcovado yake, wanda aka kafa wa shahararren mutum-mutumin nan na Yesu a 1931. A Seoul an rushe babbar gadar mota aka fito da rafin Cheonggyecheon da ke ƙarƙashinta a 2005, ko da yake yawancin ruwan da ke gudu a cikinsa da inji ake turo shi daga kogin Han. High Line na Niyok, da aka buɗe sashensa na farko a 2009, tsohon layin dogo ne na sama.

Wani lokaci kuma aikin shi ne hana a ƙwace wanda ake da shi. A 1989 gwamnatin Kenya ta shirya gina bene mai hawa 60 a lambun Uhuru na Nairobi. Wangari Maathai, 'yar fafutukar kare muhalli, ta tsaya kai da fata, ta sha zagi daga 'yan majalisa, amma masu zuba jari suka janye, aka fasa ginin.

Amfaninsa

Kwalta da siminti suna shan zafin rana su sake shi da dare, shi ya sa tsakiyar gari ya fi ƙauyukan kewaye zafi. Itace na rage wannan ta hanya biyu: inuwarsa na hana ƙasa ɗaukar zafi, ganyensa kuma na fitar da tururin ruwa da ke sanyaya iska. Sanyin kan tsallaka shingen lambu ya shiga titunan da ke kusa. Ƙasar da ba a shafe da siminti ba tana shanye ruwan sama, ta rage wa magudanai nauyi, har wasu birane kan tsara filin wasa a kwari da gangan don ya riƙe ambaliya na ɗan lokaci.

Ta fuskar lafiya, binciken da aka fi ambata shi ne wanda Roger Ulrich ya wallafa a 1984. Ya duba bayanan majinyata 46 da aka yi wa tiyatar matsarmama a wani asibitin Pennsylvania. Waɗanda tagarsu ke kallon itatuwa sun riga masu kallon bangon bulo barin asibiti da kusan kwana guda, kuma ba su nemi maganin ciwo mai ƙarfi kamar su ba. Adadin mutanen kaɗan ne, bai kamata a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba, amma shi ya buɗe ƙofar bincike masu yawa da suka biyo baya.

Abin da ya fi tasiri a kan ko mutum zai je lambu shi ne nisa. Ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Turai ya ba da shawarar kowane mazaunin birni ya sami fili mai tsirrai, na aƙalla rabin hekta zuwa hekta ɗaya, cikin mita 300 daga gidansa, wato tafiyar kamar minti biyar. Babban lambu mai suna da sai an shiga mota kafin a kai gare shi, sau nawa ake zuwansa a shekara? Ƙaramin na bayan layi kuwa yaro zai je bayan makaranta, tsoho zai je da sandarsa. Hukumomi sun fi son na farkon, saboda shi ake ɗauka a hoto ranar buɗewa.

Abin da ke sa lambu ya rayu

A shekarun 1970 William Whyte ya kafa na'urorin ɗaukar hoto a dandalolin Niyok don ya ga inda mutane ke taruwa. Abin da ya gano ya zo da sauƙi har ya ba da dariya: mutane na zama ne inda aka tanadi wurin zama. Ya kuma lura cewa dandalin da mata suka yawaita a cikinsa shi ne mai lafiya, domin su ne ke fara ƙaurace wa wurin da ba su amince da shi ba. An yi amfani da shawararsa a Bryant Park, wanda a lokacin ya zama matattarar masu sayar da ƙwaya saboda dogayen shingayen tsirrai sun ɓoye cikinsa daga titi. Aka cire shingayen, aka ƙara ƙofofi, aka zuba kujerun da kowa zai iya ja ya kai inuwa ko hantsi, aka sake buɗe shi a 1992. Da jama'a suka cika wurin, masu laifi suka rasa mafaka.

Wannan na da amfani ga mai ziyara. Lambun da ake hango cikinsa daga waje, mai ƙofofi da yawa, wanda ake ganin yara da tsofaffi da mata a ciki, ya fi aminci a kan wanda ya fi shi kyau amma babu kowa.

Ziyara

Safiya da yamma sun fi daɗin yawo, kuma da sassafe ne tsuntsaye suka fi fitowa. Hasken rana mai ƙona fata ya fi ƙarfi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma. Idan hadari ya taso da tsawa, gindin itace shi kaɗai a fili na cikin wurare mafi haɗari. Abin yi shi ne a shiga gini ko mota mai rufi, a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Ba a ba dabbobin lambu abinci, domin suna sabawa su daina tsoron mutum, biri musamman yakan koma fizge kaya daga hannu. Yawan tattake gindin tsohon itace yana danne ƙasa har saiwa ta rasa iska, shi ya sa ake kewaye wasu da igiya.

Duwatsun da ke jikin birni suna yaudarar mutane, saboda ganin gari a ƙasa kan sa a manta cewa dutse ake hawa. Dutsen Table na Cape Town ya haura mita 1,000, akwai motar igiya da ke kai mutane samansa tun 1929, amma gajimare da iska mai sanyi kan rufe shi cikin ɗan lokaci, a dakatar da motar, wanda ya hau da riga ɗaya babu ruwa ya shiga wahala. A wuraren tarihi kuwa, ɓarnar baƙi tarawa take yi a hankali: mai hawa bango don hoto, mai sassaƙa sunansa, mai ɗauke ɗan dutse ya tafi da shi gida. Ginin ƙasa da dutse mai laushi su suka fi cutuwa da wannan.

Matsalolin kulawa

Gina lambu ya fi riƙe shi sauƙi. Ban ruwa, yankan ciyawa, gyaran fitilu da bandaki, da albashin masu gadi kuɗi ne na kowace shekara, kuma su ake fara yankewa idan asusun birni ya yi ƙasa. Central Park kansa ya lalace a shekarun 1970 lokacin da Niyok ta kusa tsiyacewa, ciyawarsa ta koma ƙura, sai da aka kafa wata ƙungiya mai zaman kanta a 1980 ta karɓi kulawa da shi da gudummawar masu hali. Tsarin ya yi aiki a can domin attajirai ne ke kewaye da lambun. Lambunan unguwannin talakawa ba su da irin waɗannan maƙwabta. Akwai kuma wata matsala da ke biyo bayan nasara. Tashin darajar gidaje, wanda ya biya kuɗin Birkenhead, shi ne ke sa haya ta fi ƙarfin tsofaffin mazauna idan an ƙawata unguwa, kamar yadda aka gani a kewayen High Line. Saboda haka wasu birane yanzu kan tanadi gidaje masu sauƙin haya a kusa tun kafin a fara dasa itace.