Kallon tsuntsaye a tsibirin Fair Isle

Fair Isle ƙaramin tsibiri ne a arewacin Sikotlan, cikin ƙasar Birtaniya, wanda ya yi suna wajen masu zuwa hutu don kallon tsuntsaye. Yana tsakanin tsibiran Orkney da na Shetland, kimanin kilomita 38 daga bakin kudancin babban tsibirin Shetland. Tsawonsa bai cika kilomita 5 ba, faɗinsa kuma kamar rabin haka. Mazaunansa ba su kai mutum 70 ba, kuma ana yawan kiransa tsibiri mafi nisa da mutane ke zaune a kai a duk Birtaniya. Duk da ƙanƙantarsa, an rubuta ganin nau'in tsuntsaye fiye da 350 a cikinsa, adadin da wuya a samu a wani fili mai wannan girman a Turai.

Suna da yanayin wurin

Sunan ya samo asali ne daga harshen mutanen Norwe na dā, waɗanda suka mallaki Shetland har zuwa 1469. An yi saɓani kan ma'anarsa: wasu sun ce "tsibirin lumana", wasu "tsibirin tumaki".

Arewacin tsibirin tudu ne mai ciyawa da dausayi, inda tsaunin Ward Hill ya kai mita 217. Gidaje da gonaki suna kudu. Kusan ko'ina gaɓar teku dutse ne a tsaye kamar an yanke shi da wuƙa, kuma iska ba ta barin bishiya ta yi tsayi. Wannan rashin bishiya shi ne ribar mai kallo: tsuntsun da a dajin ƙasarsu sai dai a ji kukansa, a nan dole ya sauka a lambun kabeji, ko cikin kwata, ko jikin katangar dutse, a gan shi a fili.

Tarihi

Mutanen tsibirin sun daɗe da sanin tsuntsaye, amma ta fuskar abinci: suna ɗibar ƙwai da 'yan tsaki a jikin duwatsu. Wanda ya fara jawo hankalin masana shi ne William Eagle Clarke na gidan adana kayan tarihi na Edinburgh. Ya duba taswira ya yi hasashen cewa tsuntsu mai ƙaura da ya gaji a tsakiyar teku ba shi da wurin sauka sai wannan tsibiri, ya je a 1905, hasashen ya tabbata. Ya riƙa komawa, ya kuma koya wa wasu 'yan tsibirin aikin. A wancan zamani bindiga ce kayan aiki. Sai an harbo tsuntsu an riƙe shi a hannu kafin a yarda an gan shi.

George Waterston, ɗan Edinburgh, ya fara zuwa a wajajen 1935. A Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa suka kama shi a tsibirin Crete a 1941, kuma a sansanin fursunoni ne ya tsara yadda zai kafa cibiyar nazarin tsuntsaye a Fair Isle. An sallamo shi a 1943 saboda rashin lafiya. Ana ba da labarin cewa ƙasar Birtaniya ta farko da ya hango daga jirgin da ya dawo da shi ita ce dutsen Sheep Rock na wannan tsibiri. Bayan yaƙi ya sayi tsibirin, aka buɗe cibiyar a 1948 cikin tsofaffin bukkokin sojan ruwa, da Kenneth Williamson a matsayin shugabanta na farko.

Ba tsuntsaye kaɗai ne a ran Waterston ba. A tsakiyar ƙarni na 19 mazauna tsibirin sun kusa 400, sai ƙaura ta riƙa cinye su, ga kuma abin da ya faru da tsibirin St Kilda na yammacin Sikotlan, wanda aka kwashe mutanensa ƙarƙaf a 1930. Ya yi fatan baƙi masu kallon tsuntsaye su kawo ciniki da dalilin ci gaba da zirga-zirgar jirgi. A 1954 tsibirin ya koma hannun ƙungiyar National Trust for Scotland mai kula da wuraren tarihi da muhalli, wadda ke riƙe da shi har yau.

An yi wa cibiyar sabon gini a 1969, aka sake wani a 2010. Wannan na ƙarshe gobara ta cinye shi a watan Maris na 2019. Ba a rasa rai ba, kuma ƙidayar shekara da shekaru ta tsira domin an riga an kwafe ta a kwamfuta. Aikin sake ginin ya ɗauki shekaru.

Aikin yau da kullum

Abin da ya bambanta Fair Isle da sauran wuraren hutu shi ne baƙo yana shiga cikin aikin da ba a daina ba tun 1948. A lokutan ƙaura ma'aikata suna raba tsibirin kashi uku, kowa ya zaga nasa a ƙafa yana ƙirga abin da ya gani. Da dare a taru, a kira sunayen tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi adadinsa, har da baƙi, a rubuta.

Da sassafe ana zagayen tarkuna. Irin tarkon ana kiransa da sunan tsibirin Heligoland na Jamus: rumfa ce ta ragar waya mai faɗin baki da tsukakken ƙarshe, an gina ta a kan katanga ko kwazazzabo. Ana kora tsuntsun a hankali har ya shige akwatin da ke ƙarshe. Daga nan a sa shi a jakar yadi, a auna nauyinsa da tsawon fiffikensa, a maƙala masa zobe mai lamba a ƙafa, a sake shi. Idan wani ya tsinci zoben a wata ƙasa, an san hanyar da ya bi ke nan.

Tsuntsayen

Daga Afrilu zuwa farkon Agusta na tsuntsayen teku ne. Wanda baƙi suka fi so shi ne puffin, da 'yan Shetland ke kira tammie norie, mai baki ja da rawaya kamar an yi masa fenti. Yana haƙa rami a ƙasa, ya yi ƙwai ɗaya tal a shekara. Akwai fulmar, wanda ke feso wa mai matsowa wani mai mai ɗoyi da ba ya fita daga tufa da sauƙi. Akwai bonxie, ƙaton tsuntsu mai ruwan ƙasa da halin shirwa, yana ƙwace kifi a bakin wasu, kuma yana kawo wa mutum sura a ka idan ya kusanci sheƙarsa; shi ya sa ake ɗaga hannu ko sanda sama. Tsibirin yana da wani ɗan mitsitsin tsuntsu na dangin wren wanda babu irinsa a ko'ina.

Masu neman baƙin tsuntsaye kuwa Satumba da Oktoba suke jira, suna addu'ar iskar gabas. Ita ke kaɗo ƙananan tsuntsayen Saberiya da suka ɓace hanya, waɗanda wasu a nan aka fara ganinsu a Birtaniya. Iskar yamma mai ƙarfi takan kawo na Amurka jefi-jefi.

Wanda ya san yadda shamuwa ke zuwa da damina ta tafi da kaka ya san ƙaurar tsuntsaye. Wani ɗan tsuntsu mai farin gindi, wheatear, yana ƙyanƙyasa a ramukan duwatsun Shetland, sannan ya tsallaka Sahara ya yi watannin sanyin Turai a yankin Sahel.

Tsuntsayen teku sun ragu. Ana danganta hakan da ƙarancin wani siririn kifi da suke ciyar da 'ya'yansu, kuma ana ta muhawara kan ko ɗumamar teku ce ko kamun kifi. Murar tsuntsaye ta 2021 da 2022 ta yi wa bonxie ɓarna sosai.

Zuwa tsibirin

Ana zuwa daga babban tsibirin Shetland, ta ƙaramin jirgin sama daga Tingwall, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba, ko ta jirgin ruwa daga Grutness, sa'a biyu da rabi a kan teku mai tayar da zuciya. Hazo da iska suna hana tashi kwana da kwanaki, don haka ana ba baƙi shawara su bar rarar kwanaki. Masauki kaɗan ne, ana kama shi tun da wuri. A watan Yuni dare ba ya yin duhu sosai. Wutar lantarki ta dare da rana sai a 2018 ta samu.

Saƙa

Tsibirin ya kuma yi suna da rigunan sanyi na ulu masu zane kala-kala. Labarin cewa an koyi zanen daga ma'aikatan jirgin yaƙin Sifaniya da ya nutse a wurin a 1588 masana da yawa ba su yarda da shi ba.